Jarka Goma Sha Tara Zuwa Ɗa'ifa

Wani ne a nan unguwar Kudai, ba zan faɗi sunansa ba don yana da iyali. Abubakar, zuba min shayin nan ka daina yi min wannan kallon. Na ce wani ne.

Shekararsa goma sha ɗaya a Makka, yana tsaron shagon jallabiya a Hindawiyya. Duk shekarun nan iyakar yawonsa daga Kudai zuwa shago, daga shago zuwa Harami. In ya yi nisa sosai, filin jirgin Jidda ne, ɗauko baƙi.

Matarsa, mu ce sunanta Lailatu. Eh, na san sunan matata ke nan. Ita kaɗai ce Lailatu a Saudiyya? Ku bar ni in ba da labarina.

Kun san yadda garin nan yake in zafi ya kama. Takalmi ma sai ya manne da kwalta. Maƙwabta kowa ya kwashi 'ya'yansa, sai kan duwatsu, Ɗa'ifa, Baha, Abha, su dawo da hotuna suna sanye da rigar sanyi. Shi kuwa mutumin namu kullum sai ya ce baɗi. Suna da 'ya guda, Kausar, shekararta tara. Bara da aka koma makaranta, malama ta ce kowa ya faɗi inda ya je hutu. Wannan ta ce Abha, waccan ta ce Shafa. Da aka zo kan Kausar sai ta ce, “Baƙala.” Shagon cefanen ƙasan bene fa. Aji ya kwashe da dariya, yarinya ta dawo gida da kuka. Abin ya sosa masa rai ƙwarai, ya dafa ƙirji ya ce bana sai dutse.

Lailatu ta dube shi ta ce, “Abu Kausar, wannan alkawari na huɗu ke nan. Ni shekara goma sha ɗaya ina jin Ɗa'ifa a bakin mutane, ga ta nan tafiyar awa ɗaya da 'yan kai. In bana ma ya tashi, da ƙafata zan je in gaya wa malamar cewa uban ne bai san hanya ba.”

Ya ce, “Za ki gani.”

To, mutumin nan in ya tashi tsara abu ba ya yi da wasa. Ya sayi littafi mai bango, ya sayi biro kala uku. Wata biyu yana rubutu. Rana ta farko Hada, a hau motar igiya mai lilo a sama, a wuce Shafa a ga gonakin fure. Rana ta biyu tsohuwar fadar Shubra da filin kasuwar Ukaz. Ta uku Baha, dajin Ragadan, da ƙauyen Zi Ain mai gidajen dutse. Daga nan Abha, a hau Suda, a gangara Rijal Alma. Inda za a sha mai ya rubuta da ja. Inda za a yi salla da shuɗi. Har da layi guda da ya ce, “Tara da minti arba'in, fitsarin Kausar, minti huɗu.”

Lailatu ta karanta ta ce, “In ba ta ji ba a lokacin fa?”

Ya ce, “Za ta ji. Yana cikin tsari.”

Ya shiga kasuwa neman rigunan sanyi a watan Yuli. A Makka! Mai shago ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi ko zazzaɓi yake yi. Da ya samo su daga ƙasan sito, ya dawo gida ya ƙure na'urar sanyi, ya sa kowa ya saka tasa, suka zauna a falo minti ashirin wai gwaji. Mai gidansa na shago kuma da ƙyar da roƙo ya ba shi hutun mako ɗaya cak, Asabar zuwa Juma'a.

Sharaɗi ɗaya Lailatu ta kafa masa. Ta ce, “Don Allah, don Annabi, kada ka gaya wa kowa. Ka san mutanenmu.”

Ya ce, “Ni yaro ne?”

Kuma wallahi bai gaya wa kowa ba. Abin da ya faru kawai, ranar Talata bayan La'asar ya ga Baba Maman a ƙofar masallaci. Kun san Baba Maman, shekara arba'in a garin nan, ba hanyar da bai taka ba. Sai ya durƙusa ya gaishe shi, ya rage murya ya ce, “Baba, in wani mutum, ba ni ba fa, wani, zai je Ɗa'ifa da ƙaramar mota, ta hanyar Hada ya fi ko ta Sail?”

Baba Maman ya ce, “Yaushe za ka tashi?”

Me kuke wa dariya? Ni ban ga abin dariya ba tukuna.

Kafin Magariba Baba Maman ya ƙwanƙwasa ƙofa da jarkar Zamzam mai cin lita ashirin. An rubuta a jikinta da baƙin alƙalami: AMANA, A KAI ƊA'IFA, GIDAN ƘANWATA ASMA. Ya ce, “Ciwon ƙafa take fama da shi. Tunda hanyarka ce.”

Ku gaya min, wa zai kalli dattijo ya ce ba zai kai wa mara lafiya Zamzam ba? Kuma kun san halinmu. Duk wanda ya fita daga Makka, ko Jumum nan kusa zai je, sai an ɗora masa Zamzam. Ɗan'uwanka na can ya ji ka samu mai zuwa ba ka aiko ba, sai a yi shekara ana maganar. Ya karɓa da hannu biyu, har da cewa ai ba komai.

Lailatu ta leƙo daga kicin. “Wa ka gaya wa?”

“Ba kowa. Tambaya na yi a kan wani.”

Laraba jarka shida. Alhamis goma sha ɗaya. Mutanen da ko gaisawa ba sa yi da shi suka riƙa hawowa bene suna haki. Wata tsohuwa daga unguwar Zahir ta zo da biyu, ɗaya ta jikanta mai haddar Alƙur'ani a Baha, ɗaya ta surukarta a Abha, ta ce ai ta ji har can zai kai. Wa ya gaya mata, oho. Wani ya rubuta a tasa: GIDAN SABI'U, BAYAN MASALLACI. Ya ce masa, “Wane masallaci?” Mutumin ya ce, “Kana zuwa za ka gane, kowa ya san shi.” Kowa ya ajiye sai ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a doguwa, shi kuma yana amin, amin. Ranar Juma'a da yamma falo ya koma kamar wurin ɗibar ruwa. Goma sha takwas.

Asabar bayan Asuba aka fara lodi. Motar tsohuwa ce, ta girmi Kausar nesa ba kusa ba. Bakwai a but, huɗu a kan rufi an ɗaure da igiya, biyar a kujerar baya, Kausar a matse a lungu kamar ita ce saƙon. Biyu a ƙarƙashin ƙafar Lailatu, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Jakar kaya a cinyarta, kular abinci a kan jakar. Bayan motar ya zauna daɓas, gaban ya ɗaga yana kallon sama.

Ya tada mota ke nan sai ga Baba Maman da sandarsa, wani na biye da shi ɗauke da jarka. “Na manta maƙwabciyar Asma. In ta ga an kawo wa Asma ita ba a kawo mata ba, za a yi rigima.”

Ba wuri. Ko allura ba ta da wuri. Sai mutumin namu ya buɗe but, ya ciro galan ɗin ruwan famfo da yake ajiyewa saboda lagireto, ya ciro katan ɗin ruwan sha, ya ajiye su a bakin ƙofa, ya cusa ta goma sha tara.

Lailatu ta ce, “Ruwan fa?”

Na yi dariya na ce, “Haba Lailatu. Motar da ke ɗauke da Zamzam kusan lita ɗari huɗu ita za ta rasa ruwa?”

Na ce ya ce. Shi ya ce. Abubakar, kunnenka ne ya ji “na ce”.

Suka kama hanya. Har gindin dutse lafiya lau, sai dai duk ramin da suka taka ruwa ya amsa daga baya. Kausar na waƙa. Lailatu har ta yi murmushi, ya gani da idonsa. Tara da minti arba'in ya tsaya, yarinya ta ce ba ta ji, ya ce to minti huɗun ya zama riba.

Sai hawa. Kun san hanyar Hada, lanƙwasa kan lanƙwasa. Kwana ta farko mota ta yi nishi. Ta biyu ya kashe na'urar sanyi. Ta uku ya sa giya ɗaya, yana tura sitiyari da ƙirji wai yana taimaka mata. Masu wucewa sai hon suke. A kwana ta biyar allurar zafi ta kwanta a ja, hayaƙi ya turnuƙe daga gaba, fuuu. Da ƙyar ya gangara gefe, wani ɗan fili da birai suke zaune a kan katanga.

Ya buɗe bonet. Lagireto ƙaf, ko ɗigo.

Lailatu ta ce, “To, zuba mata.”

Ya kama murfin jarka guda, sai idonsa ya sauka kan rubutun. AMANA. Ya saki. Ya kama wata. AMANA. Ya zagaya motar nan kaf, duk wadda ya taɓa amana ce, kuma Zamzam ce. Ko ɗaya ba tasa.

Kausar ta ce da Larabci ƙishirwa take ji.

Sai ya kira Abdulrazak, abokinsa da ke karatun fiƙihu a jami'a. “Ustaz, tambaya ce ta gaggawa. In wani mutum motarsa ta yi zafi…”

“A ina kake?”

“Hada. Ya halatta a zuba Zamzam a lagireto?”

Abdulrazak ya yi gyaran murya. Ya ce mas'alar tana da fuska biyu. Ya fara da fuska ta farko. Mutumin namu na tsaye a rana, kwalta na cin tafin ƙafarsa, ana jero masa maganganun malamai. Da aka yi minti goma ya ce, “Ustaz, a taƙaice!”

“A taƙaice, ruwan naka ne?”

“A'a.”

“To ai ba mu ma iso mas'alar ba. Nemi izinin masu shi.”

Ya kira Baba Maman. Baba ya ce, “Yarinya ta sha, Allah ya sa mata albarka, ta sha ta ƙoshi. Mota kuwa? Ruwan da na aika wa mai ciwon ƙafa za ka ɗura wa ƙarfe? Motar da wace niyya za ta sha?”

Ya kira tsohuwar Zahir, ta ce ta jikanta dai kada a taɓa, ta surukar kuma in aka taɓa za a ce da gangan ta aika rabi. Ya kira mai Sabi'u, waya a kashe.

Ana cikin haka wani Balarabe mai farar mota ya tsaya, mutumin kirki. Ya sauke gilashi ya ce, “Salamat, me ya faru?”

Ya ce, “Ruwa. Ba mu da ruwa.”

Balaraben ya kalli rufin motar. Ya kalli kujerar baya. Ya leƙa ya ga ƙafar Lailatu a kan jarka. Ya dawo ya kalli mutumin namu ya daɗe. Sai ya ce a hankali, “Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa,” ya ɗaga gilashinsa ya tafi.

Lailatu ta bi motar da kallo kawai. Wallahi gara ta yi faɗa. Ta buɗe ƙofa don ta miƙe ƙafa, ta ajiye kula a ƙasa, kafin ta juya wani ƙaton biri ya sure ledar dambun naman da ta kwana biyu tana yi. Ya koma kan katanga ya zauna yana ci yana kallonsu, ko kunya.

Daga ƙarshe wani direba ya ba su ruwan gora, aka zuba, ya zubo ta ƙasa shaaa. Tiyo ya fashe. Sai aka kira motar ɗaukar mota. Mai ita ya zo, mutumin Ɗa'ifa ne, ya ce shi sama zai yi, garejin ɗan'uwansa na can, kuma gabansa mutum ɗaya yake ɗauka, sauran wurin kayan aiki ne. Zama cikin motar da aka ɗora kuwa doka ta hana.

Nan mutumin namu ya buɗe littafinsa, ya duba ja, ya duba shuɗi, babu wannan a tsari. Ya yi tunani irin nasa. Ya sake kiran Abdulrazak ya zo ya mai da iyali gida, don shi Ustaz ya rantse ba ya hawa Hada har sama, jiri take sa shi.

Ya ce wa Lailatu, “Ku koma ku huta. Yau a gyara mota, in sauke amanar mutane, gobe da sassafe in zo in ɗauke ku, mota ba nauyi. Kwana ɗaya kawai muka rasa.”

Ta ce, “Ga Ɗa'ifar can ina hango ta.”

Ya ce, “Gobe za ki gan ta da kyau.”

Haka suka tsaya a gefen titi, ita da Kausar, rigunan sanyi a hannu, suna kallon jarka goma sha tara suna hawa dutse a kan babbar mota, a sama, inda ya fi ko'ina ganin gari.

Gyara ya ci kwana biyu. Litinin ya fara rabo. Gidan Hajiya Asma aka ce ba zai fita ba sai ya ci tuwo. Maƙwabciya ta ce ya ci na Asma ya ƙi nata? Ya ci. Gidan Sabi'u kuwa, ya zagaya bayan masallaci goma sha huɗu, ashe Sabi'un ya koma Shafa tun bara. Ya hau Shafa. Kuma kowa ya karɓa sai ya juye ruwan ya miƙo masa jarkar, ya ce a mayar wa mai ita, tunda hanyarsa ce.

Kullum da safe ya kira gida. “Gobe in sha Allahu.” Kullum ta ce, “Allah ya kai mu.” Da ya ga saura na Baha da na Abha, sai ya yi lissafi: in ya koma Makka ya sake hawowa da nauyi, mota za ta sake yi. Gara ya ƙarasa. Ya wuce Baha. Jikan tsohuwa ba ya nan, malaminsu ya kai su Zi Ain, ya bi su har can. Ya wuce Abha. Surukar ta je biki wajen Rijal Alma, ya gangara.

Ga inda ya kashe kansa. Don kada a ce ya ci amana, duk inda ya sauke jarka sai ya ɗauke ta hoto ya tura zauren WhatsApp na unguwa. Jarka a Shafa, furanni a bayanta. Jarka a gaban gidajen dutse na Zi Ain. Jarka a kan Suda, hazo ya rufe rabinta. Jarka a Rijal Alma, wani ya ɗora mata rawanin fure irin na mutanen can. Mutane na ta ma sha Allah, Allah ya saka. Ya manta ɗaya tak: Lailatu na cikin zauren. Tana zaune a Kudai, na'urar sanyi na fama, ita da Kausar suna bin jarkoki gari gari a waya.

Duk wurin da ya rubuta a littafin nan, ba wanda jarkokin ba su je ba. Har da lokaci suka kiyaye.

Juma'a da La'asar ya shigo Kudai, hutu ya ƙare, gobe shago. Mota cike da jarkoki wayam suna ƙwaram-ƙwaram, shi kuma mura ta kama shi, hanci na zuba, sanyin Abha. Wannan atishawar da nake yi ta na'urar shago ce, Abubakar, ba ruwanta da labarin.

Ya hau bene da ledar rumman a hannu. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Kausar ta buɗe ƙofa, ta karɓi ledar, ta ce, “Baba, in malama ta tambaya, in ce Hada kwana ta biyar?” Ya sunkuyar da kai ya shige.

Lailatu na zaune a falo. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo masa ruwa, ta tambayi hanya, ta tambayi ƙafar Hajiya Asma. Ladabin nan ya fi ba shi tsoro. Sai ya yi ta maza, ya zaro littafin, ya buɗe sabon shafi, ya cire murfin jan biro.

Ya ce, “Lailatu, yanzu na san hanyar nan kamar tafin hannuna. Baɗi, wallahi baɗi, ba wanda zan gaya wa. Faɗi duk abin da kike so in rubuta.”

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da baƙin alƙalamin nan da ake rubutu a jikin jarka, ta cire murfin, ta danƙa masa a hannu. Ta jawo Kausar ta tsayar a gefenta, ta ɗan ja mayafinta baya, ta miƙo masa goshi.

Ta ce, “Ajiye littafin. Rubuta mana a nan: AMANA, A KAI ƊA'IFA. Na ga su kaɗai ke isa.”